Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaba Tinubu da Janar Tchiani Kan Tsaron Iyakar Najeriya da Nijar

Zuwa ga Mai Girma Bola Ahmed Tinubu, Shugaban Tarayyar Najeriya, da Mai Girma Janar Abdourahamane Tchiani, Shugaban Jamhuriyar Nijar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe.

Da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya, domin abin da ke tafe da ni babu ɗayanku da zai iya gyara shi shi kaɗai. Ni talaka ne mazaunin bakin iyaka, daga cikin mutanen da kasuwarsu da aurensu da maƙabartar iyayensu suka rabu tsakanin ƙasashenku biyu. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500. Ta gefen Najeriya ta shafi Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, ta gefen Nijar kuma Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa. Maganata a taƙaice ita ce: tun daga 2023 kowannenku yake ta lissafin wace babbar ƙasa zai riƙa, wace zai saki, amma an bar aikin tsaron da ya fi kowanne amfani, wato na tsakanin sojan Najeriya da sojan Nijar, ya lalace. Ku ba ni dama in bi zancen daki-daki.

Mai Girma Shugaba Tinubu, da ku zan fara, tunda ku ne kuke shugabantar ECOWAS lokacin da aka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Kwana huɗu bayan nan aka zauna a Abuja, aka ba sojojin Yamai wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke tafiya Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar. Ranar 10 ga Agusta aka ce a ɗaura ɗamarar rundunar ko-ta-kwana. Ba na cikin masu yi wa juyin mulki guɗa, kuma tsare Bazoum da matarsa tsawon wannan lokaci ba tare da shari'a ba abu ne da ba shi da kyau, ko wa ya yi shi. Amma barazanar yaƙin nan kuskure ce ta fuskar dabarun tsaro kansu, ko da an ajiye zancen zumunci gefe. An yi barazanar da ba a shirya cikawa ba. Sanatocin Arewa suka ƙi, Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Wa'adi ya cika, ba a ga soja ba. Abin da aka samu shi ne sojojin Nijar sun sami goyon bayan da ba su da shi a ranar farko, Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne, ranar 16 ga Satumba aka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma, ƙungiyar AES, ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar, ta tsaya da ƙafarta. Ko da aka janye takunkumi a watan Fabrairun 2024, ƙasashen uku sun riga sun sanar da ficewa daga ECOWAS.

Yanke wutar nan ya fi rufe iyaka ɓarna mai nisa. Shekaru da dama Najeriya tana ba Nijar wuta daga Kainji ta layin Birnin Kabi, kuma manya sun san hikimar abin: maƙwabcin da ke sama da kai a bakin kogi, idan ka wadata shi da wuta, ba zai yi gaggawar datse ruwa ba. Ranar da aka mayar da wannan wuta makami, an koya wa duk wanda zai mulki Nijar nan gaba, soja ne ko farar hula, cewa dogaro da Najeriya haɗari ne. Madatsar Kandaji da Nijar ke son ginawa a kan kogin Kwara, da tashar hasken rana, da duk wani ɗan kwangilar waje da zai zo da tayin wuta, yanzu suna da hujjar da ba sa buƙatar ƙirƙira.

Mai Girma Janar, ku ma akwai naku. Kun kori sojojin Faransa, kimanin 1,500, na ƙarshensu suka fita a Disambar 2023. A Maris na 2024 kun soke yarjejeniyar soja da Amurka, kafin tsakiyar Satumba sojojinta kusan 1,000 sun kwashe, sun bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas da aka kashe wa dala miliyan ɗari da ɗoriya. Ba zan yi kukan tafiyarsu ba. Suna nan da jiragensu da na'urorinsu aka kashe sojojin Nijar 71 a Inates a Disambar 2019, aka kashe 89 a Cinagodar wata guda bayan nan. Duk wanda ya tambayi amfanin zamansu, tambayarsa tana kan hanya. Kun ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun kamfanin Faransa Orano a 2024, kun mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somair mallakin ƙasa a 2025, kuma mutumin Arlit da ya shekara hamsin yana ganin ana haƙar yuraniyom a bayan gidansa alhali garinsa na cikin duhu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da ake cewa zancen ƙasa ne, mun ji, kuma mun fahimta.

Sai dai diyaucin ƙasa ba ya cika da sauya baƙo. A Afrilun 2024 masu horar da soja daga Rasha suka sauka Yamai da na'urorin kakkaɓo jiragen sama. Na tsaya na yi tunani a kan wannan kaya: masu kashe mutane a Tilaberi da Tawa a kan babura suke zuwa. Na'urar kare sararin sama tana kare fadar gwamnati daga wata ƙasa, amma ba ta hana a kore shanun mutumin ƙauye ko a ɗora masa haraji da sunan zakka. Ku dubi Mali, wadda ta riga ku shiga wannan hanya tun ƙarshen 2021. Sojojin Mali sun karɓi garin Kidal daga hannun 'yan tawaye a Nuwamban 2023, aka yi murna. A Yulin 2024 aka yi wa sojojin Mali da sojojin hayar Wagner na Rasha mummunar ɓarna a Tinzawatan, kakakin hukumar leƙen asirin sojan Yukren ya fito yana nuna da hannunsu a ciki, Mali ta yanke hulɗa da Yukren, ku ma kuka bi. Wato yaƙin da ake yi a gabashin Turai ya sami reshe a hamadarmu. A Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi ƙirar Turkiyya a wannan yanki, aka janye jakadu. Daga Satumban 2025 kuma mayaƙan JNIM, masu alaƙa da Al-Ƙa'ida, suka shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin shiga Bamako, har makarantu suka rufe saboda rashin mai. Rasha tana can da nata yaƙin, abin da za ta iya turowa Sahel kaɗan ne, kuma ba sadaka take yi ba.

Ku gafarce ni in faɗi yadda nake ganin manyan nan, dukkansu. Faransa tana neman abin da ya rage mata na mutunci bayan an sallame ta daga Mali, Burkina, Nijar da Chadi, ta kuma miƙa sansanoninta a Kwaddibuwa da Senegal, shi ya sa take lallashin Abuja. Amurka tana neman inda za ta riƙa leƙen Sahel da Libiya tun da ta rasa Agadas. Rasha tana son ma'adinai da ƙuri'u a Majalisar Ɗinkin Duniya da wurin da za ta takura wa Turawan Yamma da araha. Sin ta shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, babban burinta man ya isa jirgin ruwa lafiya, ko wa ke mulki. Turkiyya kuwa ciniki take, ta sayar wa Nijar jiragen Bayraktar, ta sayar wa Mali da Burkina, ta sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu. Babu laifi ƙasa ta bi maslaharta, haka duniya take. Amma a cikinsu babu wanda lissafinsa ya ƙunshi ko matar Gidan Rumji za ta iya zuwa kasuwar Jibiya ta dawo lafiya. Wannan lissafin naku ne ku biyu.

Kuma ba yau aka fara ba. Iyakar nan kanta 'yar gasar manyan ƙasashe ce. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransa na neman hanya mai rijiyoyi da ayarinta zai bi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Haka aka raba Gobir, Sabon Birni a nan, Tsibiri a can. Haka Katsina ta rabu da Maraɗi, Daura ta rabu da ƙasar Magarya da Kance. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Duk da haka magabatanku sun san inda maslaharsu take. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, Faransa ta karkata ga Biyafara, amma Diori Hamani, shugaban Nijar na lokacin, ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, ya san kuma Faris ba za ta ji daɗi ba. Shekara guda bayan yaƙin, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai. Mai Girma Tinubu, wannan bashi ne a kan Najeriya. Mai Girma Janar, wannan shi ne diyauci na gaske da aka taɓa gani a Yamai, kuma bai bi ta hanyar gaba da maƙwabci ba.

Yanzu ga abin da ya lalace. A Maris na 2015, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwan arewacin Borno, sojojin Nijar da na Chadi ne suka tsallaka suka ƙwato Damasak da Malam Fatori. Rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, mai hedikwata a Injamena, an raba mata aiki kashi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Difa a Nijar. Rundunar tana da nata rauni, kuɗi ba sa isa, kowace ƙasa tana jan sojojinta in ta ga dama. Amma ta sa ɗan ta'adda ya daina ɗaukar kogin Komadugu Yobe a matsayin katangar da zai tsallaka ya yi barci. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar, aka ce za a mayar da hankali kan tsaron wuraren mai. Janar, ko don man ne, lissafin bai fita ba. Rijiyoyin Agadem a jihar Difa suke. Mayaƙin ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, da ya sami sarari a tsibiran tafki da bakin Komadugu, bututun nan bai yi masa nisa ba.

Ta yamma kuma ga Lakurawa. Mutanen Tangaza da Gudu sun san su tun wajen 2017 da 2018, lokacin da wasu suka gayyato su don su kore musu ɓarayin shanu, daga baya suka zama masu yanke hukunci da karɓar zakka da dukan matasa. Hedikwatar tsaron Najeriya ba ta fito ta ambace su ba sai Nuwamban 2024, kuma ita da kanta ta danganta ƙarfinsu da tsayawar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulki. A wannan watan na Nuwamba suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Idan sojan Najeriya ya matsa musu sai su tsallaka ƙasar Doso ko Tawa, idan na Nijar ya taso su sai su dawo dazukan Sakkwato da Kabi. 'Yan bindigar Zamfara da Katsina haka suke yi da dajin da ya haɗa su da Madarunfa da Gidan Rumji, inda dubban 'yan gudun hijirar Najeriya suke zaune tun 2019. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan kowa ya san ranar da ta buɗe.

An so a gyara. A ƙarshen Agustan 2024 Janar Christopher Musa, yana babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya je Yamai ya gana da takwaransa na Nijar, Janar Moussa Salaou Barmou, aka sa hannu kan takardar fahimtar juna, muka ce Alhamdulillahi. Wata uku bayan nan Shugaba Tinubu ya kai ziyarar ƙasa Faransa. A ƙarshen Disamba, Janar, kuka yi hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasa, kuka ce Faransa na shirya wa Nijar maƙarƙashiya daga cikin Najeriya da sanin hukumominta, kuka ambaci wurare a Borno da Sakkwato. Malam Nuhu Ribaɗu, a matsayinsa na mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya fito shi ma da Hausa ya musanta, ya ce a je a duba. To, ba a je ba. Mu da muke saurare da harshenmu, ba ta bakin tafinta ba, an bar mu da zargi a kunne ɗaya, musu a ɗayan. Zargi irin wannan ya fi ƙarfin a yi shi a talabijin a wuce. In gaskiya ne, cin amanar maƙwabtaka ne da ya kamata a tabbatar da shi da hujja. In ba gaskiya ba ne, an shuka gaba tsakanin sojoji biyu da ya kamata su riƙa musayar bayanan sirri kullum. Wuraren da aka ambata ba a wata duniya suke ba, mota tana zuwa. Me ya hana a haɗa hafsoshi daga ɓangarorin biyu, da wakilan Sarkin Musulmi da na sarakunan Maraɗi da Damagaram da Konni, su taka da ƙafarsu su gani, su faɗa wa jama'a abin da suka tarar?

Mai Girma Shugaba Tinubu, a nan akwai abin da ke wuyanku. A daren 25 ga Disambar 2025 Amurka ta harba makamai masu linzami kan wasu wurare a jihar Sakkwato, gwamnatinku ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi. Ɓaraguzai suka faɗo a Jabo, garin da mutanensa suka ce ba su san da 'yan ta'adda a wurinsu ba. Wannan ya zo ne makonni kaɗan bayan shugaban Amurka ya yi wa Najeriya barazana da zancen kisan Kiristoci, labarin da duk mazaunin Zamfara ko Sakkwato ya san bai kama hanyar yadda abin yake ba, tunda a nan masallatai da kasuwanninmu ake tarwatsawa. Ku duba yadda abin zai bayyana daga Yamai: ƙasar da aka kora daga Agadas tana harbi a tazarar da ba ta kai tafiyar yini ba daga iyakar Nijar. Ko da niyyarku tsarkakakkiya ce, kun ba masu zargi abin nunawa. Jama'ar Najeriya suna da haƙƙin sanin abin da aka amince wa Amurka da Faransa da abin da ba a amince ba, a gaban Majalisar Tarayya, a rubuce. Kuma maƙwabci yana da haƙƙin a sanar da shi ta hanyar soja kafin a yi irin wannan a kusa da gidansa. Janar, wannan ma'aunin ya hau kanku game da abin da kuka ƙulla da Rasha.

Kada kuma a ruɗe mu da sayen kaya. Najeriya ta biya kusan dala miliyan 500 kan jiragen Super Tucano 12, ta sayi jirage daga Sin da Pakistan da Turkiyya da Italiya. Jirgi yana da amfani, amma ba ya bambance taron Mauludi da taron 'yan bindiga sai da mutum a ƙasa mai faɗa masa gaskiya. Tudun Biri ta nuna mana haka a Disambar 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka mutane fiye da 80. Bayanin da ke hana irin wannan yana wurin mai unguwa da makiyayi da direban da ke bin hanyar Illela zuwa Konni, kuma rabin waɗannan mutane suna ɗaya gefen iyaka. Tauraron ɗan'adam na Amurka ko na Rasha ba zai gaya muku wane ne ya sayi buhun shinkafa goma da jarkokin fetur a kasuwar ƙauye jiya ba.

Ba ina roƙon Nijar ta koma ECOWAS ba ne, ta fita tun Janairun 2025, wannan ruwa ya riga ya wuce. Ba kuma ina roƙon Najeriya ta yi wa mulkin soja mubaya'a ba. Ƙasashen da suka fi ku gaba da juna sun san yadda ake ware layin soja daga rigimar siyasa. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kafa layin magana kai tsaye a 1963, bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, alhali kowannensu na auna ɗan'uwansa da nukiliya. Indiya da Pakistan, duk da yaƙe-yaƙensu, manyan hafsoshinsu masu kula da ayyukan yaƙi suna da wayar da suke magana a kai. Ku da ake kira Ɗanjuma da Ɗanjummai ba ku da uzurin kasa yin abin da maƙiya suka iya.

Abin da nake nema ƙarami ne in an kwatanta da abin da ake kashewa. Kwamandan runduna ta 8 da ke Sakkwato ya sami izinin kiran takwarorinsa na Doso da Tawa da Maraɗi kai tsaye, ba sai takarda ta je Abuja ta zaga Yamai ta dawo ba, domin kafin ta dawo masu babura sun yi nisa. A amince wa kowane ɓangare ya bi sawun ɓarayi zuwa wata tazara da aka yarda da ita a cikin ƙasar ɗan'uwansa, da sharaɗin sanarwa nan take. In komawa rundunar Tafkin Chadi da sunanta na da ya yi wa Nijar nauyi, a ƙulla wata yarjejeniyar ta ƙasa da ƙasa tsakanin Difa da Monguno, a sa mata duk sunan da aka ga dama. Gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun taɓa zama da gwamnan Maraɗi kan tsaro kafin wannan rikici, a bar su su koma teburin, a ƙara da na Kabi da Doso. Ministocin harkokin wajenku sun gana a Yamai a Afrilun 2025 sun yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta 1971, to a ba ta kuɗi da aiki, a ɗora mata binciken duk wani zargi da ɗayanku zai yi wa ɗaya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Ku rubuta, ku sa hannu, ku karanta wa jama'a da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci cewa ko wace irin rigima ta taso tsakanin Abuja da Yamai nan gaba, ba za a sake yanke wuta ba, ba za a rufe iyaka ga abinci da magani ba, kuma babu ɗayanku da zai bari wata ƙasa ta yi amfani da ƙasarsa wajen kai wa ɗayan hari ko leƙen asirinsa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021 yana tafe ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma duk wanda zai zuba dukiyarsa a wannan hanya zai so ya ga wannan takarda kafin ya ɗora kayansa.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani talaka daga bakin iyakar Sakkwato da Tawa.